Takardar gwajin bakin mahaifa: abin da take faɗa da abin da ba ta faɗa

Mace za ta fito daga asibiti da takarda a hannu. An rubuta mata HPV, ko wasu haruffa irin su ASC-US ko LSIL, ma'aikaciyar jinya ta ce ta dawo ranar kaza ta ga likita. Kafin ta kai bakin titi ta tari adaidaita sahu, tambayoyi biyu sun cika mata kai: sankara ce ta kama ni? Kuma wa ya ɗauko ya kawo mini? Ta farko tana hana barci, ta biyu kuwa tana iya raba aure. Muna so mu bi su a tsanake, domin mata da yawa a daidai nan suke ɓacewa. An yi gwajin, sakamako ya fito, sai tsoro ko kunya ya sa a naɗe takardar a tura ƙasan akwati, ba za a sake ganin matar ba sai bayan shekaru, lokacin da jini ya ƙi tsayawa.

HPV ba ƙwaya ɗaya ba ce. Dangi ne na bairos mai fiye da iri 200, kowanne da lambarsa. Kusan 40 daga ciki ne ke zama a al'aura da dubura da maƙogwaro, kuma a cikinsu kimanin 14 ne ake kira masu haɗari, wato waɗanda za su iya kai ga sankara. Lamba 16 da lamba 18 su kaɗai ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Likitan nan ɗan Jamus, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano waɗannan biyun a 1983 da 1984, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Akwai kuma lamba 6 da 11, masu fitar da tsiron nama a al'aura. Tsiron yana tayar da hankali saboda ana ganinsa, amma ba shi ne ke rikiɗa ya zama sankarar bakin mahaifa ba. Masu haɗarin ba sa fitar da komai: babu ƙaiƙayi, babu wari, babu ruwa, babu ciwon mara. Shi ya sa jiran alama bai da amfani, sai gwaji.

Yadda ake ɗaukarta

Ƙwayar a fata take zama, da kuma lallausar fatar cikin gaba. Ba a jini take yawo ba kamar HIV ko ciwon hanta. Tana wucewa ne idan fatar al'aura ta gogi fatar al'aura: saduwa ta gaba, ta dubura, ko ta baki, kuma ba lallai sai an kai ga cikakkiyar saduwa ko fitar maniyyi ba. Gogayya tana barin 'yan ƙananan tsaga waɗanda ido ba ya gani, ta nan ƙwayar ke kaiwa ga ƙwayoyin halittar da ke can ƙasan fatar, ta zauna. Kwaroron roba yana rage haɗarin sosai, amma ba ya kawar da shi gaba ɗaya, tunda ba duk wurin da ke haɗuwa yake rufewa ba. Kaciyar namiji ma tana ragewa, ba ta hanawa.

Ba a ɗaukarta daga buta, ko kwanon abinci, ko gaisawa, ko haɗa wanki, ko zama a tabarma ɗaya. Bakin masai ma ba hanyarta ba ce. Mun san al'adar dora duk wani ciwon gaba a kan bandaki, kuma mun fahimci dalilin: ya fi sauƙin faɗa a gida. Amma gaskiya ita ce ta hanyar kusantar jiki ake samunta. Abin da ya kamata a haɗa da wannan gaskiyar shi ne yawanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kusan duk wanda ya taɓa saduwa zai haɗu da HPV a wani lokaci na rayuwarsa, yawanci ba tare da ya sani ba. Mutum ɗaya ya isa. Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗauka, kuma mijin yana iya kasancewa ya samo ta ne daga auren da ya yi shekara goma sha biyar da suka wuce.

Nan ne ya kamata a tsaya a yi dogon bayani, don nan ne gidaje ke rikicewa. Babu gwajin da ke nuna ranar da ƙwayar ta shiga jiki. Babu wanda ke nuna daga wa ta fito. Garkuwar jiki tana iya danne ta har gwaji ya daina ganinta, ta yi shekaru a kwance, sannan ta sake bayyana idan garkuwar ta yi rauni ko shekaru suka ja. Saboda haka mace tana iya yin gwaji a bana a ce babu, bayan shekara biyar a ce akwai, alhali ita da mijinta babu wanda ya taka ko'ina. A ƙasar da ake aure a rabu a sake wani, ake auren zawarawa, ake zama da mata biyu zuwa huɗu, hanyoyin halal da ƙwayar za ta bi ta shigo gida suna da yawa. Likitan da ya san aikinsa ba zai taɓa ce wa miji matarka ta ci amanarka ba, ko ya ce wa mata mijinki yana neman mata, a kan wannan takardar. Iliminsa bai kai shi nan ba, na kowa ma bai kai ba. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga zaton da hujjarsa ba ta iya tsayawa da ƙafarta.

Mazaje sukan tambaya ko su ma a gwada su, ko a ba su magani. Babu wani tabbataccen gwajin HPV da ake yi wa maza a matsayin tantancewa, kuma babu ƙwayar magani ko allurar da ke kashe wannan bairos ɗin, ga namiji ko ga mace. Duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da za a haɗo daga kemis da sunan maganin sanyi, ba ya taɓa HPV ko kaɗan. Bakteriya yake kashewa. Haka jiƙo da hayaƙi da duk wani haɗin da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp cewa yana wanke mahaifa. Ma'auratan da suka daɗe tare galibi sun riga sun yi tarayya a irin da ke jikinsu, don haka samun HPV kaɗai ba dalilin ƙaurace wa shimfiɗa ba ne. Abokan zama kuma su je a duba su, ba don ana tuhumar wata ba, sai don kowace mace mai irin shekarunsu ya kamata ta yi gwajin ko da babu abin da ya faru.

Daga ƙwaya zuwa sankara akwai tafiya mai nisa

Kusan tara cikin goma na masu ɗauke da HPV, jikinsu yana kawar da ita cikin shekara biyu ba tare da an yi komai ba. Matsalar tana ga 'yan kaɗan ɗin da ƙwayar ta ƙi tafiya.

A bakin mahaifa akwai wani zobe inda fata iri biyu ke haɗuwa: mai laushi ja ta cikin hanyar mahaifa, da mai santsi ta waje. A wannan mahaɗar kullum ƙwayoyin halitta suna sauyawa daga wannan iri zuwa wancan, kuma kusan duk sankarar bakin mahaifa a nan take farawa. Idan bairos mai haɗari ya daɗe a wurin, yana fitar da wasu sinadarai biyu da ake kira E6 da E7, waɗanda ke kashe birkin ƙwayar halitta. A ƙa'ida, ƙwayar halittar da ta lalace takan daina rabuwa ko ta mutu. Idan birkin ya mutu sai ta ci gaba da hayayyafa da lahaninta, lahani yana hawa kan lahani. Ga mace mai lafiyayyar garkuwa, wannan yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara. Ga mai raunin garkuwa, kamar mai HIV da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa, kuma mata masu HIV sun ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin kamuwa da wannan sankarar. Shan taba yana taimaka wa ƙwayar ta zauna. Fara saduwa da ƙuruciya, lokacin da wannan mahaɗa take a buɗe a waje, da yawan haihuwa, su ma suna ƙara haɗarin, kuma waɗannan biyun sun shafi matanmu ƙwarai.

A 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da ita a duniya, kusan 350,000 suka rasu. A Najeriya, ƙididdigar 2020 ta nuna sabbin masu cutar kusan 12,000, da mace-mace kusan 8,000. Wato a kowace uku da aka gano, biyu ake binnewa, a kan cutar da ke ba da sanarwar shekara goma sha biyar. Wannan ne ke ci mana rai.

Gwaji uku ne, kuma ba abu ɗaya suke nema ba

Gwajin HPV yana neman ƙwayar kanta. Ana shafo bakin mahaifa ko cikin gaba da ɗan tsinke mai auduga ko ɗan burushi, kuma mace tana iya ɗaukar samfurin da hannunta a bayan labule: ta tura tsinken ciki 'yan santimita, ta jujjuya shi na daƙiƙa 20 zuwa 30, ta saka a kwalbarsa. Na'urar GeneXpert da aka sani da gwajin tarin fuka tana iya yin wannan gwajin cikin kamar awa ɗaya idan akwai kayan aikinsa. Tun 2021 shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita: a fara daga shekara 30, a maimaita duk shekara 5 zuwa 10, mai HIV ta fara daga 25, ta maimaita duk shekara 3 zuwa 5. Dalilin da ya sa ba a cika yi wa 'yan ƙasa da haka ba shi ne da yawansu za a samu ƙwayar, kuma za ta tafi da kanta. Gwajin sai dai ya jawo fargaba da aikin da ba a buƙata.

Gwajin Pap, mai sunan likitan da ya ƙirƙiro shi, George Papanicolaou, ba ƙwayar yake nema ba. Ana kankaro ƙwayoyin halitta daga mahaɗar nan a duba su a madubin ɗakin gwaji, a ga ko siffarsu ta sauya.

Na uku, wanda ya fi samuwa a ƙananan asibitoci da wuraren gangami, shi ne VIA. Ana buɗe gaba da ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa, a haska fitila, a shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, a jira cikakken minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari fat mai kauri, da iyaka a bayyane, a manne da mahaɗar. Amfaninsa shi ne a take ake sanin sakamako. Rauninsa kuma ya dogara ga idon mai dubawa: wanda ya yi gaggawa bai cika minti ɗaya ba zai iya tsallake cuta, kumburi na yau da kullum kuma yana iya yin fari-fari a ɗauka cuta ce. Bayan daina al'ada mahaɗar takan janye ta shige ciki inda ido ba ya kaiwa, don haka VIA ba shi da tabbas ga wadda ta haura 50. Inda Pap ko VIA ake amfani da shi, duk shekara uku ake maimaitawa.

Abin da mace ta yi kafin ta zo yana iya ɓata gwajin. Kada a zo ana tsakiyar jinin al'ada. Kwana biyu kafin ranar a bar saduwa, a bar maganin cusawa na asibiti, a bar wanke can ciki, a bar matsi kowane iri ne, da miski da tsugunno a kan turare. Mun san mace tana yin wasu daga cikin waɗannan ne don ta zo a tsaftace gaban ma'aikaciya, amma suna wanke ƙwayoyin da ake son gani ko su lulluɓe su. Tsarki na waje da ruwa ya wadatar.

Karanta haruffan

Idan gwajin HPV ya nuna akwai, ma'anarsa ƙwayar tana nan, shi ke nan. Bai ce akwai rauni ba, balle sankara. Tambayar da za ki yi ita ce: wace lamba ce? Idan 16 ce ko 18, ana wucewa kai tsaye a duba bakin mahaifa da kyau. Idan wata ce daga cikin sauran, yawanci akan ƙara gwaji na biyu, VIA ko Pap. In shi ma ya nuna wani abu, a ci gaba. In bai nuna ba, a sake gwajin HPV bayan wata 24, ko wata 12 ga mai HIV. A wasu wuraren da ake tsoron mace ba za ta dawo ba, akan yi mata magani a ranar in ta cancanta. Wannan ma tsari ne karɓaɓɓe.

A takardar Pap, NILM na nufin lafiya lau. Idan an rubuta cewa samfurin bai gamsar ba, ba cuta aka gani ba; ƙwayoyin ne ba su isa ba ko jini ya rufe su, sai a sake bayan kamar wata uku. Idan kumburi kawai aka ambata, a nemi sanadinsa a yi magani.

ASC-US shi ya fi yawan fitowa, kuma shi ne mafi sauƙi: mai dubawa ya ga ƙwayoyin da ba su yi daidai sosai ba, amma bai tabbatar da komai ba. Gwajin HPV ne ke raba gardama. In babu ƙwayar, haɗarin ƙanƙani ne. In akwai, sai a yi duba na kusa. Inda babu gwajin HPV, a maimaita Pap bayan wata 6 zuwa 12. LSIL sauyi ne mara zurfi, sawun ƙwayar ne a fata, kuma mafi yawansa yana gogewa da kansa, musamman ga masu ƙuruciya. HSIL kuwa sauyi ne mai zurfi. Har yanzu ba sankara ba ce, amma shi ne ainihin abin da aka fito nema, kuma ba a ɗaga shi zuwa bayan salla ko bayan girbi. Cikin 'yan makonni ya kamata a ga likitan mata. ASC-H ana bi da shi kamar HSIL har sai an tabbatar ba shi ba ne. AGC ya shafi ƙwayoyin cikin hanyar mahaifa. Ba ya yawan fitowa, amma yana buƙatar a bincika har ciki, wani lokaci har da shimfiɗar mahaifar kanta, musamman ga wadda ta haura 35 ko take zubar jini ba bisa ƙa'ida ba.

Duba na kusa shi ne kolposkofi, ana samunsa a asibitocin koyarwa da wasu manyan asibitoci. Na'urar a waje take tsayawa, ba ta shiga jiki. Madubi ne mai ƙara girma da fitila. Za a shafa khal, wani lokaci da ruwan aidin, wanda ke rina lafiyayyar fata ta yi duhu ya bar mai lahani rawaya. Minti 10 zuwa 20 ne. Idan an ga wurin da ake shakka, za a tsinki ɗan nama da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Ana jin kamar mintsini da ɗan murɗawar mara. Maganin tsayar da jinin da ake shafawa yakan sa a ga wani baƙi-baƙin abu yana fita na 'yan kwanaki kamar garin gawayi. Ba wata cuta ba ce.

Sakamakon naman shi ne hukunci na gaskiya, kuma da CIN ake rubuta shi, wato lahanin fatar bakin mahaifa da bai kai ga sankara ba. CIN1 na nufin lahanin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin fatar ba. Fiye da rabi yana warkewa da kansa, don haka yawanci sa ido ake yi a sake gwaji bayan shekara. CIN2 ya kai kashi biyu cikin uku. Kusan rabi yana komawa cikin shekara biyu, shi ya sa ga yarinyar da ba ta gama haihuwa ba kuma tabbas za ta riƙa dawowa duk wata shida, likita na iya zaɓar jira. In babu wannan tabbacin, a yi magani. CIN3 ya cika kaurin fatar amma bai huda ƙasa ba. Shi kam ba a jira. Wani bincike daga ƙasar New Zealand da aka buga a 2008, kan matan da aka bar su da CIN3 ba tare da ingantaccen magani ba, ya nuna kusan ɗaya cikin uku ta kamu da sankara cikin shekara 30, alhali cikin waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata ba a kai ɗaya cikin ɗari ba.

Maganin da abin da ke biyo bayansa

Ba ƙwayar ake kashewa ba, fatar da ta lalace ake kawarwa, ko dai a ƙona ta a wurin ko a yanke ta.

Ƙonawa da zafi ana yin ta ne da ƙaramar na'ura mai batir, a ɗora kanta mai zafin digiri 100 a kan wurin na daƙiƙa 20 zuwa 30, a matsa a sake idan wurin yana da faɗi. Daskarewa kuma da iskar gas ake yi: minti uku ana daskarewa, minti biyar a bari ya narke, a sake minti uku. Duka biyun ba sa buƙatar a sa mace barci, zafin kamar na ciwon marar al'ada ne. Amma suna da sharuɗɗa: dole a ga mahaɗar gaba ɗayanta, raunin kada ya rufe fiye da kashi 75 na bakin mahaifa, kada ya shige cikin hanya, kuma kada a yi zargin sankara. Babban kuskure shi ne a ƙona abin da bai cika waɗannan sharuɗɗan ba. Saman zai warke ya yi kyau, cutar tana ci a ƙasa, kuma babu naman da aka kai ɗakin gwaji da zai tona.

Wanda bai cika sharuɗɗan ba, yankewa ake yi da LEEP: siririyar waya mai lanƙwasa da wutar lantarki ke bi, bayan allurar kashe zafi a wurin, a fere mahaɗar cikin 'yan mintuna. Naman ana kai shi gwaji, kuma wajibi ne a koma a karɓi sakamakon, don shi zai nuna ko an cire lahanin duka ko ya kai bakin yanka. Kusan tara cikin goma suna warkewa da aiki ɗaya. LEEP ba ya hana ɗaukar ciki, sai dai yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwa kafin lokaci, musamman in an yanka da zurfi ko an maimaita, don haka a faɗa wa masu awo tun zuwan farko. Cire mahaifa ba shi ne matakin farko na CIN ba. Wadda aka ce mata sai an cire alhali ba a taɓa tsinkar nama an gwada ba, ta nemi ra'ayin wani likitan matan.

Bayan aiki, ruwa zai riƙa zuba, wani lokaci da yawa, har mako huɗu. A yi amfani da audugar mata ta waje. Mako huɗu babu saduwa, babu cusa komai. Wannan magana da maigida ya kamata a yi ta, kuma ya fi kyau ma'aikacin lafiya ya faɗa masa da bakinsa, domin raunin ɗanye ne, saduwa na iya ɓalle jini ko shigar da wata cuta. In abin ya gagara, a yi amfani da kwaroron roba. Bayan LEEP, wajen kwana 7 zuwa 14, ɓawon ciwon yakan faɗi a ga ɗan jini. A koma asibiti a ranar idan jini ya fi na al'ada ko yana fita da guda-guda, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ruwan ya koma mai wari, ko mara ta riƙe da ciwo mai tsanani. Sannan bayan wata 12 a sake gwaji, ko da ana jin garau. Wannan komawar ce aka fi tsallakewa, kuma ita ce ke kama 'yan kaɗan ɗin da lahaninsu ya dawo, abin da ya fi faruwa ga masu HIV.

Mai juna biyu ana iya yi mata kolposkofi ba tare da cutar da cikin ba, amma in ba sankara ake zargi ba, akan jinkirta magani sai kamar wata uku bayan haihuwa.

Game da rigakafi: Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin jerin rigakafin yau da kullum a ranar 24 ga Oktoba 2023, aka kai ga sauran jihohi a Mayu 2024. An fara ta ne kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kuma tana kare lamba 6, 11, 16 da 18. Mai raunin garkuwa tana buƙatar aƙalla biyu. An fi so a yi da wuri saboda tana hana kamuwa ne, ba ta warkar da wadda ta riga ta shiga. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya, ba a same ta da hana haihuwa ba, kuma a Ingila wani bincike na 2021 ya nuna sankarar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13. Wadda aka yi wa allurar ma za ta yi gwaji in ta kai shekarun, tunda ba duka lambobin ta rufe ba.

Duk abin da muka faɗa a sama na macen da ba ta jin komai ne. Wadda take ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan ta shekara da daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ba tantancewa take buƙata ba, bincike take buƙata. Sau da yawa irin wannan jinin ana kai tambayarsa wajen malam, a ji hukuncin istihala da yadda za a yi salla da azumi, kuma daidai ne a tambaya. Amma amsar malam ta ibada ce, ba ta faɗi abin da ke zubar da jinin ba. Yana iya zama abu mai sauƙi, kamar ɗan tsiro ko jan fatar ciki da ta leƙo waje, yana kuma iya zama sankara, har ga wadda gwajinta na bara ya fito lafiya. Idan kin je, kada ki ce sanyi ke damunki, don za a iya rubuta miki magani ba a duba ki ba. Ki faɗi yaushe jinin ya fara, sau nawa, da abin da ke tayar da shi, ki ce kina so a buɗe a dubi bakin mahaifar da ido, kuma in an ga wani abu a tsinki nama a gwada. Ki tafi da duk tsofaffin takardunki, har da wadda ke ƙasan akwati.